Yadda ake tayar da tsohuwar motar soja mai dizal idan sanyi ya kai intaha

Ni dai a Jos na koyi kanikancin manyan motoci, to ka san Jos da sanyin asubar Disamba, zaka ga direba yana ta buga kik mota tana ta aman farin hayaki taƙi kamawa har sai rana ta ɗan ɗago. Yanzu kuma Allah ya kawo ni jihar Minesota a Amurka, inda a watan Janairu sanyi ke sauka digiri 25 har 30 ƙasa da sifili, kuma mutanen karkara a nan suna da son sayen tsofaffin motocin soja da gwamnati ta yi gwanjonsu, wani yana jigilar itace da ita, wani yana ture dusar ƙanƙara, wani kuma sha'awa ce kawai. Irin waɗannan motocin ne ke yawan zuwa hannuna, kuma duk shekara matsalar ɗaya ce, da sanyi ya shigo sai kira ya yi yawa, mota taƙi tashi. Shi ya sa nace bari in zauna in rubuta abin da na sani don 'yan'uwa da ke zaune a ƙasashen sanyi ko masu aiki a kan irin waɗannan injuna. Duk digirin da zan ambata na ma'aunin salshiyos ne.

Abu na farko da nake so ka riƙe, injin dizal ba shi da fulogin da ke kyasta wuta kamar na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi sosai, sai nozul ya fesa mai a cikin wannan iskar mai zafi, man ya kama da kansa. To ka ga kenan zafi shi ne komai. Da sanyi kuwa iskar da ke shigowa sanyi gare ta, ƙarfen silinda da kan inji sun yi ƙarara suna zuƙe ɗan zafin da matsin ya samar, baƙin mai ya yi kauri kamar zuma yana riƙe inji, batir kuma ƙarfinsa ya ragu, sai inji ya riƙa juyawa a hankali, in kuwa yana juyawa a hankali iskar tana samun lokacin sulalewa ta gefen ringi ta kuma huce kafin mai ya iso. Duk wani abin taimako da sojoji suka maƙala wa motocin nan, ko dai yana ƙara zafi ne ko yana sa inji ya juya da sauri, sai guda ɗaya tak, wato eta, shi kuma mai ne da ke kamawa ko da zafin kaɗan ne. Zan zo kansa, don shi ne ya fi lalata wa mutane inji.

Kafin ka taɓa komai ka tsaya bayan salansa ka sa wani ya buga kik. In ka ga farin hayaki mai warin ɗanyen gas yana fita, to mai yana isa silinda, zafi ne babu. In ba hayaki sam, to mai ne baya zuwa, ko ya daskare ko iska ta shiga layi, kuma duk hitar da zaka kunna a banza ne. Wannan ɗan gwajin na sakan goma ya sha hutar da ni aikin awa biyu.

Mu fara da batir don yawancin motocin da ake cewa sanyi ya hana su tashi wallahi batir ne kawai. Motocin sojan Amurka bolt 24 suke amfani da shi, batir biyu masu 12 aka jona a jere. A M35A2, wadda suke kira "dus", wato biyu a turancinsu, saboda tan biyu da rabi take ɗauka a daji, akwatin batir ɗin yana waje ne ƙarƙashin ƙofar fasinja, iska na dukansa dare da rana. A M939 mai tan biyar kuma batir huɗu ne a ƙarƙashin kujerar fasinja. Batir mai lafiya da ya cika zai nuna maka kusan 12.6 a mita in ya huta, biyun tare kenan 25 da ɗan kai. Amma wannan ba shi ne gwajin gaske ba, ka bar mitar a jone a buga kik, in ka ga ta faɗo ƙasa da 19 to ko batir ya gaji ko akwai wayar da ke cin wuta. Lambar nan da ake rubutawa a jikin batir ta ƙarfin bugun sanyi, a digiri 18 ƙasa da sifili ake auna ta, kuma a wannan sanyin batir yana iya rasa kusan rabin ƙarfinsa a daidai lokacin da injin ke neman ninkin abin da ya saba.

Abin da nake yi duk farkon Nuwamba, in kwance kawunan batir duka in goge su da burushin ƙarfe har su yi ƙyalli, in bi wayar at, wato ta negatif, har inda aka ɗaure ta a jikin shasi in kwance in kankare tsatsa, haka ma ta kan kik. Waya ce mai shekara arba'in ko hamsin, wani lokacin daga waje lafiya lau amma in ka yanka robar sai ka ga kore shar a ciki kamar gansakuka, irin wannan canza ta kawai. Kuma dan Allah batir biyun su zama sa'o'in juna, girma ɗaya shekara ɗaya, kar ka haɗa sabo da tsoho don tsohon zai ja sabon ƙasa. Kar kuma ka ja wutar 12 daga guda ɗaya don rediyo ko fitila, wannan shi ke sa ɗaya ya riƙa mutuwa ɗaya yana ƙonewa da caji. In ba ka da cajar 24 ba komai, ka yi musu caji ɗaya bayan ɗaya da ta 12. Batir da ya cika ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, amma wanda ya sauka ruwansa kusan ruwa ne zalla, ɗan sanyi kaɗan zai mai da shi ƙanƙara. In ka ga gefen batir ya kumbura ko ka leƙa ka ga ƙanƙara, kar ka jona masa caja kar ka yi masa jona daga wata mota, yana iya fashewa a fuskarka, ka kai shi ɗaki ya kwana ya narke tukun. Ni a daren da aka ce sanyi zai tsananta, in mota tana inda ba lantarki, cire batiran nake in shigar da su cikin gida, nauyi gare su ƙwarai amma da safe bambancin kamar ka canza kik ne.

Sai mai. Gas ɗin da ake sayarwa da rani, wanda a nan suke kira lamba 2, akwai wani kaki a cikinsa da ke narke muddin da ɗumi, da sanyi ya sauka 'yan digiri ƙasa da sifili sai ya fara fitowa, man ya yi hazo-hazo, kakin ya je ya toshe filta. Gidajen mai a jihohin sanyi suna gauraya shi da lamba 1 in hunturu ya zo, to amma matsalar motocin nan ba kullum ake hawansu ba, mutum ya cika tanki a watan Satumba ya ajiye, a Janairu man rani ne a ciki. Na taɓa kwance gwangwanin filtar farko ta wata dus da aka jawo min ita, ina juya shi a kan tire ba abin da ya zubo, sai da na sa yatsa na kwaso abin, fari-fari mai ɗan rawaya, ya kama jikin filtar kamar man shanu da ya kwana a randa. Na sa shi kusa da hita minti goma ya koma gas garau kamar ba shi ba. Mai motar ya riga ya kashe batir biyu yana bugawa tun safe.

Maganinsa, ka zuba maganin hana daskarewar gas tun mai yana da ruwa-ruwansa, kafin sanyin ya zo, kuma ka bar injin ya yi aiki minti goma sha biyar don maganin ya zagaya har cikin filtoci da famfon injekta, in ya riga ya daskare zubawa a tanki ba zai kai inda matsalar take ba. In sanyi zai wuce 20 ƙasa da sifili ni lamba 1 ko kananzir nake gaurayawa rabi da rabi, su sai wajen 40 suke fara damuwa. Sojojin Amurka da kansu sun daɗe suna zuba wa motocinsu JP-8, man jirgi ne dangin kananzir. Sai dai kananzir ba shi da santsi kamar gas, famfon injekta kuma da santsin man yake rayuwa, musamman famfon Stanadyne da ke kan injin 6.2, don haka ka ƙara maganin santsi. Injin dus an yi shi ne ya sha mai iri-iri, har fetur yana iya sha in ta ɓaci, wannan ya sa wasu ke tace tsohon baƙin mai su zuba a tanki don tsimi, to da hunturu ka daina, kaurinsa ba zai wuce filta ba. Fetur ma ba taimako ba ne wajen tashi, shi ƙin kamawa da matsi yake. Ruwa kuma, ka riƙa cika tanki da yamma don kar raɓa ta taru a ciki, ka buɗe ɗan famfon da ke gindin filtar farko ka tsiyaye ruwa tun mota tana da ɗumi, in ka bari ya kwana ƙanƙara zai zama.

Baƙin mai ba sai na ja magana ba. 15W-40 da kowa ke zubawa yana yi har wajen digiri 10 ƙasa da sifili, in ya wuce nan koma 5W-40 sintetik, wato wanda aka haɗa a masana'anta. Dus tana shan kusan lita 21, kuɗi ne, amma ya fi sayen kik. Ruwan lagireto kuma rabi ruwa rabi maganin hana ƙanƙara yana kare ka har wajen 37 ƙasa da sifili, ka auna shi kar ka yi zato, ruwa zalla in ya daskare bulok yake tsagawa.

To yanzu ga inda nake so ka nutsu, don kowace mota da irin abin da aka yi mata, kuma sai ka san wanne ne a taka kafin ka yi wani abu.

Dus mai injin LDT-465, silinda shida, kusan lita 7.8, matsinsa 22 bisa 1, ba ta da hita fulog ko ɗaya, wato fulogin nan da ke yin ja ya ɗumama ɗakin ƙuna kafin a buga kik. Wannan matsin mai yawa shi ke sa in tana da lafiya take tashi da kanta ko da sanyi ya ɗan sauka ƙasa da sifili. Littafin direbanta na soja, TM 9-2320-361-10, daga kusan digiri 7 ƙasa da sifili ne ya fara maganar tashin sanyi. Abin da aka sa mata shi ne hitar harshen wuta a bakin manifol ɗin iska, a gwiwar bututun da ya taso daga turbo. In ka buɗe bonet ta gefen fasinja zaka ga wani fulogi guda ɗaya kamar na motar fetur da wani ɗan nozul kusa da shi da siraran bututan mai, akwai ɗan famfon lantarki da koyil. In ka danna makunninta a dashbod famfon zai tura gas, nozul ya fesa, fulogi ya kyasta, wuta ta kama a cikin bututun, iskar da inji ke zuƙa ta bi ta cikin wutar ta shiga silinda da ɗumi.

Ga yadda nake tayar da ita. Giya a firi, birkin hannu a ja. In jawo sandar kashe inji waje, in kunna babban makunni in saurari famfon cikin tanki yana ɗan kuka, in ba ka ji shi ba to ka fara da fis ɗinsa. Sai in buga kik na sakan uku zuwa biyar sandar tana waje, wato ba mai, wannan don in tabbatar ba ruwa ko mai da ya taru a saman fistin ne, in ka ji inji ya juya ya tsaya cak kamar ya ci karo da bango to ka tsaya nan, kar ka ƙara, sandar fistin zaka lanƙwasa. In ya juya lafiya sai in mai da sandar ciki, in taka kuloci har ƙasa don kar kik ya ɗauki nauyin juya man giyabos da ya sandare, in ɗan taka totur, in danna kik, sai inji ya fara juyawa sannan in danna hitar. Wannan jerin yana da muhimmanci, hitar nan ba irin ta hita fulog ba ce da ake kunnawa a jira, iska mai tafiya take so, in ka kunna ta inji a tsaye gas ne kawai zai taru a manifol, wutar ta cinye ɗan iskar da ke ciki ta mutu, ka ƙara wa kanka wahala. Haka ma in ka riƙe ta da yawa tana cinye iskar da silinda ke buƙata. Ni ba na wuce sakan goma sha biyar a kan kik, in bai kama ba in saki in ba shi minti ɗaya ko biyu ya huce, batir ma ya ɗan farfaɗo. In ya kama yana tari yana girgiza, silinda biyu ko uku ne ke aiki, sai in riƙa ɗan danna hitar sakan biyu ina saki har sauran su shigo.

Da ya tashi idonka a kan mitar baƙin mai. Filtocin baƙin man dus na asali suna tsiyayewa in ta kwana, don haka allurar tana ɗaukar sakan goma ko fi kafin ta motsa, kuma a wannan lokacin injin kusan a bushe yake juyawa, kar ka kuskura ka ba shi wuta. In allura ba ta ɗaga ba bayan kamar sakan goma sha biyar zuwa ashirin kashe shi. In ta ɗaga sai ka ja totur ɗin hannu ya tsaya wajen juyi 800 zuwa 1000 a minti, ka bar shi ya yi ɗumi, ƙararrawar iska kuma ta yi shiru kafin ka motsa.

Yawancin hitocin nan da nake samu sun mutu tun tuni masu motar ba su sani ba. Gwajinta ba wuya, ka sa wani ya buga kik da hita sandar kashewa tana waje, kai kuma ka ɗora tafin hannu a gwiwar bututun nesa da fanka da bel, cikin 'yan sakanni ya kamata ka ji ɗumi. In babu, ka ciro fulogin ka goge baƙin da ya taru ka duba ko yana kyastawa, amma kar ka riƙe shi da hannu, wutar koyil ɗin tana da ƙarfi. Abin da ya fi tayar min da hankali da ita shi ne yoyo. Nozul ɗin da bututansa in sun tsufa suna ɗigar da gas, kuma turbo da bututun salansa suna nan ƙasa da su. Duk wadda na ga jiƙe a wurin, ko in gyara nan take ko in toshe layin man gaba ɗaya har a samo kaya, ba na barin mota ta fita haka.

Wasu dus ɗin an cire musu wannan hitar an sa kwalbar eta, M939 ma kwalbar eta gare ta, ita da injin Cummins NHC-250 mai lita 14 ta zo, daga baya samfurin A2 ya zo da 8.3 mai turbo. NHC-250 ba shi da turbo kuma matsinsa bai kai na dus ba, shi ya sa ya fi ta ƙin sanyi, da ɗan sanyi kaɗan sai ya cika unguwa da farin hayaki. Tsarin etarsa kwalba ce ta ƙarfe a ɗaure a ɗakin inji da bawul da siririn bututu zuwa manifol, ka danna maɓalli yayin da inji ke juyawa, ka saki, ya harba ɗan awo kaɗan daidai wanda injiniyoyi suka auna. Wannan ba laifi, don dama injin ba shi da wani abu mai zafi a hanyar iska. In ba ta aiki yawanci kwalbar ce ta ƙare da daɗewa ko ƙaramin bakin bututun ya toshe. Kwalbar ajiya kuma kar ka bar ta a cikin ɗakin direba kusa da hita, eta a wajen digiri 35 take tafasa.

Gwangwanin eta na feshi da hannu shi ne abin tsoro. Eta tana kamawa a zafin kusan digiri 160, ƙasa da na gas sosai, kuma ba ta jira fistin ya kai sama, in ta yi yawa sai ta fashe tun yana hanya ta buga shi baya. Daga nan ake samun karyayyen ringi, tsagaggen fistin, ƙonannen gaskit. In dole ce ta sa, kuma injinka ba shi da hita fulog kuma ba ka taɓa makunnin hitar wuta ba, to mutum biyu ake yi, ɗaya ya fara buga kik, sai inji yana juyawa ɗayan ya fesa na sakan ɗaya daga ɗan nesa wajen bakin shan iska, ba a cikin manifol ba, kuma ba a fesawa a tara kafin a buga. In sau biyu bai tashi ba to matsalar ba ta eta ba ce, ajiye gwangwanin.

Motocin da ba a kusantar su da eta ko kaɗan su ne masu injin 6.2 da 6.5, wato M1008 da M1009 da aka yi a kan Chevrolet a tsakiyar shekarun 1980, da kuma jip ɗin soja Hamvi. Su hita fulog takwas gare su, kowanne a cikin ɗan ƙaramin ɗakin ƙuna, yana yin ja zur kamar garwashi. Wata safiya wani dattijo maƙwabcin garejinmu ya kira ni kan M1009 ɗinsa, ya ce jikansa ya fesa abu ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga shikenan kik ya daina kamawa. Na shiga ƙarƙashi da tocila, dusar ƙanƙara tana shiga min wuya, sai ga hancin kik ɗin ya tsage gida biyu yana reto a kan noti ɗaya, haƙoran filawil guda uku sun guntule, ɓarɓashinsu a kan ƙanƙara. Injin ne ya juya baya ya doki kik. Da muka gwada fulogan, biyar cikin takwas matattu ne, abin da ya hana ta tashi kenan tun farko, kuma kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ɓarnar da aka yi ba.

Gwajin hita fulog mai sauƙi ne. Zare wayar kowanne, ka maƙala fitilar gwaji a kan fositif na batirin gaba mai 12, ka taɓa kan fulogin, in ta kama yana da rai in ba ta kama ba ya mutu. A M1008 da M1009 akwai wani abu da ya kamata ka sani, wutar 24 ce ke bi ta wasu manyan rezisto a bangon inji ta sauko kusan 12 kafin ta isa fulogai, kuma lissafin an yi shi ne a kan takwas suna ja tare. In ɗaya ya mutu sauran bakwai wutar da ke kansu ta ƙaru, na biyu ya bi, haka har su ƙare, wasu ma bakinsu ya kumbura ya ƙi fitowa. Don haka in ka samu ɗaya ko biyu sun mutu canza takwas ɗin gaba ɗaya, kuma ka nemi irin masu rage wa kansu wuta kamar AC60G. Wajen tashi kuwa ka murɗa makulli ka jira fitilar jira ta mutu, in sanyi ya yi yawa ka kashe ka sake zagaye na biyu sannan ka buga.

Amma in ka tambaye ni abu ɗaya da zan sa wa kowace daga cikinsu in dai akwai lantarki kusa, hitar ruwan inji ce. Ana cire ɗaya daga cikin murafan ƙarfen nan masu kama da kwabo da ke jikin bulok a dasa ta a wurin, ko a sa mai ɗan tulu a layin tiyon ruwa. Mai wat 1000 ta ishi dus, awa uku kafin tafiya ka jona, ko ka sa mata agogon da zai kunna ta da asuba don barinta dukan dare ɓarnar wuta ce. Ka sa hannu a kan inji ka ji shi da ɗumi kamar jikin mutum alhali waje 25 ne ƙasa da sifili, ka taɓa kik ta tashi kamar watan Yuli, ba hayaki ba tari, ringi da beri ma sun huta. Ka kula da abu biyu, kar a jona ta sai ruwa ya rufe ta kuma an fitar da iska daga layin, in ba haka ba cikin minti ɗaya za ta ƙone, sannan wayar da zaka ja daga gida ta zama mai kauri, wat 1000 a wutar 120 ta nan ya haura amfiya 8, siririyar waya a cikin ƙanƙara zafi take yi. In ka ƙara da faifan hita da ake mannawa a gindin kaskon baƙin mai da bargon batir, to ka gama.

In kuma motar daji take kwana, akwai hitar da ke ƙona gas ta ɗumama ruwan inji ta zagaya da shi, Webasto da Eberspächer suna yin masu bolt 24. Rashawa sun daɗe da wannan dabarar, Ural-4320 da KamAZ suna zuwa da tukunyarsu PZhD-30 daga masana'anta, tana dafa ruwan inji, hayaƙinta mai zafi kuma an karkata shi ya bugi kaskon mai. Su ma Amurkawa suna da kayan yankin ƙanƙara na dus, da irin wannan hitar da mayafin rufe gaban lagireto. Ko ba ka da komai mayafin nan ka yi shi, ko da kwali ne, amma ka bar rami a tsakiya kuma ka sa ido a mitar zafi.

Na san a gida wani direban yakan hura gawayi a ƙarƙashin inji ko ya kunna tsumma a bakin shan iska, na gani da idona a Jos kuma motar ta tashi. Amma tsohuwar motar soja ƙasanta duk maiƙo ne na shekaru, ga tiyo ga waya, ban yarda a kai mata buɗaɗɗiyar wuta ba. Abin da ya yi kama da shi kuma ya fi aminci, ka lulluɓe gaban motar da tampol har ƙasa, ka sa hitar kananzir mai hura iska daga nesa kamar taku huɗu tana turawa ƙarƙashi na minti talatin zuwa arba'in, kana tsaye a wurin da abin kashe gobara, kuma a fili ba a rufaffen gareji ba saboda hayaƙinta yana kisa shiru. Ko bindigar zafi ta masu fenti, kai ko na'urar busar da gashi, ka cire murfin filtar iska ka hura a ciki minti biyu sannan a buga kana ci gaba da hurawa, na sha tayar da NHC-250 da wannan.

Turawa ko ja da wata mota, dus tana tashi don giyar hannu gare ta, amma ka tuna birkinta da taimakon iska yake aiki kuma tankunan iskar a wofi suke da safe, mota mai nauyin tan shida a kan ƙanƙara ba ta tsayawa don ka so. M939 kuwa giyarta Allison ce mai canza kanta, ko ka ja ta har gobe ba za ta tashi ba. Gara ka nemi wayar jona ta soja, mafi yawansu suna da soket ɗinta a jiki, ka jona da wata mai 24, ka bar waccan tana aiki minti goma tana ɗura wa taka kafin ka buga.

Da yamma in ka dawo, ka bar ta ta yi aiki a tsaye kamar minti biyar don turbo ya huce, ka kashe, sannan ka sunkuya ka buɗe famfunan gindin tankunan iska tun suna da ɗumi. Dus ta asali ba ta da abin busar da iska, ruwan da zai feso zai ba ka mamaki, in ka bar shi ya kwana a layin birki gobe inji zai tashi lafiya amma allurar iska ba za ta hau ba. Ka juya gabanta ya ba iska baya, ka jona wayar hita, ka rataya ƙarshen wayar a kan madubin gefen direba yadda da safe ba yadda za a yi ka shiga ba ka cire ta ba.